Yadda ake zagaya wuraren cin abinci na unguwa a Garwa

A watan Janairun 2022, lokacin da aka buga wasannin cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya da ke nan Garwa, a arewacin Kamaru, gidanmu ya cika da baƙi daga Yola da Kano. Sun ga Najeriya ta doke Masar da ci ɗaya da nema, suka zauna har daren da Tunisiya ta fitar da ita. Kusan mako biyu ke nan. Wasu abokansu kuwa a otal suka sauka, kuma ranar da za su tafi na ji ɗayansu yana cewa Garwa ba ta da abinci, daga shinkafa da kaza sai soyayyen dankali. Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Ba ƙarya ya yi ba, iyakar abin da aka ajiye masa a gaba ke nan. Abincin Garwa yana bakin titi, ƙarƙashin inuwar darbejiya, cikin zaure, bayan labulen da ba a rubuta komai a kai ba. Kowanne kuma da sa'arsa. Wanda ya kuskure sa'ar, tukunyar da aka wanke zai tarar.

Ga yadda nake bi da baƙona idan ya ce in kai shi ya ci abincin gari. Ɗan garin da ya shekara yana ci a wuri guda shi ma zai iya gwadawa.

Zaɓi unguwa guda, ka ba ta kwana uku

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne hawa babur a yi ta tsalle daga wannan gefen gari zuwa wancan, ana neman wurin da wani ya yaba. A haka rana za ta faɗi ba ka san ko'ina ba. Ka tsaya a unguwa ɗaya. In tuwo da kunu da nama irin na gida kake so, ka nufi tsofaffin unguwanni, Hausare da Fulɓere da kewayen babbar kasuwa. In kifi kake so da girkin mutanen kudancin Kamaru, Yelwa ce da dare. In ka sauka kusa da Rumde Ajiya ko Pumpumre, to kada ka raina inda kake, fara da nan.

Zagayen farko ba na ci ba ne. Ka fita da ƙafa bayan sallar asuba, ka sake fita bayan la'asar, kana duba inda hayaƙi yake tashi, inda aka jera benci, inda babura suka yi cincirindo. 'Yan acaɓa, waɗanda muke kira kilando a nan, su ne suka fi kowa sanin tukunyar da take da auki da daɗi, domin kullum a waje suke ci kuma kuɗinsu ƙirgagge ne. Sai dai akwai yadda ake tambayarsu. In ka ce “ina ake sayar da abinci mai kyau?” zai dube ka, ya ga baƙo ne, ya kai ka inda ake shimfiɗa wa tebur mayafi. Ce masa: “Malam, kai a ina kake cin naka?” Da ɗan gari akan ci gari.

Ka nemi canji tun kafin ka ji yunwa

Sefar Afirka ta Tsakiya muke kashewa, ba irin ta Nijar ba, ko da yake darajarsu ɗaya. Mai kunu ba za ta karɓi ta Yamai ba, balle naira. Babbar matsalarmu kuwa ƙananan kuɗi. Kwabban 25 da 50 da 100 suna wuya, har ciniki yakan lalace saboda su. Ka fasa takardar 10,000 ko 5,000 a gidan mai ko babban kanti, ka riƙe 'yan 500 da 1,000 da duk kwabban da ka samu. Miƙa wa mai ƙosai takardar 5,000 da sassafe ɗora mata wahala ne: sai ta bar kaskonta ta bi maƙwabta neman canji. Wasu masu kifi da masu kafeteriya, wato masu shayi, suna karɓar kuɗi ta waya, Orange Money ko MoMo, amma ka tambaya kafin ka ci.

Hausa za ta kai ka nesa a kasuwa da wajen mahauta, amma Fulatanci ne harshen titi a Garwa, sai Faransanci. Kalmomi kaɗan sun ishe ka. “Jam na?” gaisuwa ce, amsarta “Jam.” “Noy?” shi ne nawa. “Useko” godiya. Ɗari “teemerre”, ɗari biyar “teemeɗɗe jowi”, dubu “booro”. Dattijuwa ka ce mata Dada ko Hajiya, wadda ta ɗan girme ka Adda, namiji Malam ko Alhaji. Matan kudu Mama ake ce musu. Kuma a yawancin wuraren nan ba a cewa “a ba ni kwano ɗaya”. Kuɗin ake faɗa: a ba ni na ɗari biyu, a sa nama na ɗari uku.

Safiya

Ka fito kafin ƙarfe bakwai. Idan ka ji ana cewa “gaari”, kada ranka ya tafi ga garin rogo, kunu ake nufi. Wanda na fi so shi ne na gyaɗa da ake jefa wa ƙwayoyin shinkafa, a tsinka shi da tsamiya, ya yi kauri har ludayi ya riƙe shi. A gefensa za ka ga ƙosai da waina da makala, wato fanken fulawa. Mutanen kudu sun kawo mana al'adar haɗa makala da dafaffen wake mai mai da kunu, kuma ta zauna daram. Ka gwada ta rana ɗaya cikin ukun.

Abin dubawa a nan man suya ne. In ya yi baƙi yana kumfa, an kwana ana juya shi, wuce gaba. Yawancin masu suya man auduga suke amfani da shi, Diamaor na kamfanin Sodecoton da hedkwatarsa take nan Garwa, wasu kuma man gyaɗa. Na gyaɗa ya fi ƙamshi, hancinka zai gaya maka tun daga nesa. Ka jira a kwashe na cikin kasko a ba ka, ko da akwai tsibi a tire.

Kashegari ka karya a kafeteriya. Sunan ya fi wurin girma: kanta ce ta katako da benci a gabanta, an jera gwangwanayen Nescafé da Nido da madarar ruwa, ga kiret na ƙwai, ga dogon burodi a kwando. Abin da ake zuwa ci shi ne wainar ƙwai da taliya. Mai kafeteriya zai fasa ƙwai biyu ko uku a kofi, ya zuba dafaffiyar taliya da albasa da tumatir da attaruhu, ya soya, ya tsaga burodin ya cusa a ciki. Baƙo yakan yi tur da jin labarin, amma ban taɓa ganin wanda ya ci ya rage ba. Ka faɗi yawan ƙwan da kake so, ka kuma tsaya a kan sukarin shayinka, don in ka yi shiru za a zuba maka madara da sukari har cokali ya kusa tsayawa.

Rana: a nan ne aikin yake

Wurin cin abincin rana na talaka muna kiransa turne-do. Kalmar Faransanci ce mai nufin juya baya, saboda mai ci yana fuskantar tebur ne, bayansa na kallon titi. Wani rumfar kwano ne, wani zauren gida, wani inuwar bishiya kawai da zana a kewaye. Ana sauke tukwane wajen sha biyu, kuma zuwa ƙarfe biyu mai kyau ya ƙare. Ka je tsakanin nan. Ranar Juma'a ka ci kafin a tafi masallaci ko ka jira a sauko.

Kafin ka zauna, tsaya a bakin wurin kamar mai jiran wani, ka yi kallo na minti biyu. Abu na farko, ruwan wankin kwanuka. In roba ɗaya ce, ruwanta ya yi kauri, ana tsoma kwano a fitar a zuba wa na gaba, ka tafi, kome daɗin ƙamshin miyar. In akwai ta sabulu da ta ɗauraya, alama ce mai kyau. Na biyu, wankin hannu: buta ko bokiti mai famfo da sabulu, ba kwano ɗaya da kowa yake tsoma hannu a ciki ba. Na uku, tukwanen a rufe suke? Akwai wuta ko garwashi a ƙarƙashin miyar? Na huɗu, su wa ke ci? In ka ga dattawa da ma'aikata da 'yan kilando a benci ɗaya, ga yara da kwanuka an aiko su daga gidaje, to ka samu wuri. Matar aure ba ta aika ɗanta sayen miyar da ta san ba ta kai tata ba.

Sai ka yi sallama, ka gaida mai abinci, ka roƙe ta ta buɗe maka tukwanen ka gani. Ba rashin kunya ba ne, kowa haka yake yi. Tuwo a Fulatanci “nyiiri” ne. In kuma an ce maka “kuskus” ko “bul”, shi ɗin dai ake nufi, kada ka sa ran kuskus irin na Larabawa. Na masara ya fi yawa a Garwa, akwai na shinkafa, akwai na jar dawa wanda na fi ba baƙo shawara ya nema, domin ya fi riƙe ciki kuma ɗanɗanonsa ya fi tafiya da miyar ganye.

Miyar ce ake zuwa dominta. Sarauniyarsu follere, wato yakuwa da aka dafa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da nama ko busasshen kifi. Gwanar mai dafa ta takan daidaita tsamin ganyen da maiƙon gyaɗar, har ka rasa wanne ya rinjayi wani. In tsamin ya kama maka haƙori, an yi gaggawa. In ba ka ji shi sam ba, an cika kanwa. Da ita nake auna kowace mai abinci: wadda ta iya follere, sauran miyarta ba sa ba da kunya. Bayan ita akwai tasɓa, tafasarmu ke nan, da bokko wato kuka, da baskooje kuɓewa, da laalo, da gubuɗo wato karkashi, da giliganja zogale. Duk Bahaushe ya san ganyayen nan, hannun ne ya bambanta. Wani ɓangare na bambancin daga daddawa yake. A nan ana yawan sa mbuuja, daddawar 'ya'yan yakuwa, irin wadda ake kira daddawar batso a ƙasar Hausa, kuma warinta ya fi na kalwa ƙarfi. Kada ya kore ka. A cikin miya yakan kwanta ya bar wani garɗi da dunƙulen magi ba ya bayarwa.

Ka sayi kaɗan, miya iri biyu a kwano biyu in za a yarda, maimakon ka cika ciki da ɗaya. In ka ji daɗi ka ce “ɓesdanam seɗɗa”, a ƙara mini kaɗan. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka yi tayin tuwo. Matan nan tun duhun asuba suke kan murhu, a garin da zafinsa yakan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, kuma ribar kwano ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Da kuɗin nan ake biyan makarantar yara. Abin da aka faɗa maka shi kowa yake biya.

Zafin nan kuma shi ya sa nake nanata maganar lokaci. Wata shekara cikin Afrilu na makara, na shiga wani wuri wajen ƙarfe huɗu, aka ba ni miyar gyaɗa da ta wuni a sauke, aka ɗan ɗumama ta sama-sama. Kwana biyu na yi a kwance. Miyar gyaɗa ba ta jure zafin Garwa in ba wuta a ƙarƙashinta. Idan ta fara kumfa ko tsaminta ya zama wani iri, ajiye cokali, biya, tafi.

A rana ta biyu ko ta uku ka leƙa wurin matan kudu ka ɗanɗana ndole, shuwaka ce da aka wanke ɗacinta aka dafa da gyaɗa, ana ci da agade ko bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka naɗe a ganye aka dafa. A nan kam sai ka tambayi irin naman kai tsaye. Ba wanda zai ji haushi, sun saba zama da Musulmi, kuma za su gaya maka gaskiya in akwai alade ko naman daji a wata tukunyar.

Mata da yawa a unguwanninmu ba sa zama a benci su ci a waje. 'Yar'uwa, wannan bai hana ki komai ba. Ki tafi da kularki, ki duba tukwanen da idonki, a zuba miki ki koma gida.

Tsakanin la'asar da magariba

Wannan lokacin na abin sha ne. Nemi kosam, kindirmo ke nan, a dama maka da dakkere, 'yan dunƙulen gari da aka turara, ɗan'uwan fura. Zoɓo ma follere ake kiransa, saboda haka ka bayyana na sha kake nufi. Kada ka cika ciki, dare na zuwa.

Da rana ta yi sanyi masu nama za su hura wuta. A Kamaru “soya” ake cewa, ko tsire ne ko balangu, kuma sana'ar tana hannun Hausawa tun kaka da kakanni, har a Yawunde da Duwala. A nan ba ka buƙatar tafinta. Al'ada ce mai nama ya yanko maka ɗan ƙarami a bakin wuƙa ka ɗanɗana kafin ka saya. Ka karɓa, amma kada ka bi layi kana ɗanɗanawa ba niyyar saye. Nuna yankin da kake so da yatsa, ka ce a mayar da shi kan wuta ya yi zafi, ka faɗi ko da kitse ko babu. Yajin da ake barbaɗawa wasu na ce masa kankan. A sa maka shi a gefe tukuna, don na wani mai naman ya fi na wani faɗa. Kilishi kuwa, Ngaundare ce ta yi suna da shi, amma na Garwa ma ba baya ba ne. Na tsaraba ka saye shi ranar tafiya.

Dare: kifi

Garwa a bakin Binuwai take, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 tafkinta ya zama rumbun kifin yankin nan. Saboda haka abin takaici ne mutum ya zo har nan a gasa masa makaro, kifin teku da aka ɗauko a ƙanƙare daga Duwala. Ba laifi gare shi ba, kuma yakan fi araha, amma ko'ina za ka same shi. Tambayi na ruwanmu: karfasa, wadda masu gashi suke kira “karp”, ko giwan ruwa, “kapiten”, mai farin nama da ƙarancin ƙaya.

Bayan isha'i mata masu gashi suke jera kifin ɗanye a tire, an tsattsaga jikinsa, ga garwashi a gefe. Kai za ka zaɓa. Ɗaga marfin kunnensa: cikin ya zama ja, ba ruwan toka ba. Idon ya zama garau, bai faɗa ciki ba. Danna jikinsa da yatsa, in naman ya dawo, sabo ne, in ramin ya zauna, ajiye shi. Kuɗin ya danganta da girma, kuma nan ne kaɗai wurin da ciniki ya halatta, shi ma cikin mutunci. Ku gama magana kafin a ɗora shi a wuta, ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da agade ko bobolo. Daga nan sai haƙuri, babban kifi yakan ci kusan rabin awa. Kada ka matsa mata, in ta yi sauri bayan zai ƙone cikin bai nuna ba. Za ka ga tana shafa masa markaɗen kayan ƙamshi da mai tana juyawa, wannan markaɗen shi ne sirrin kowace mai gashi. Da hannu ake ci. Barkonon da ake kawowa a gefe, taɓa shi da bakin yatsa kafin ka yarda da shi.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa: a Yelwa da makamantanta, masu gashin kifi da yawa a ƙofar mashaya suke, kujerun na mai mashayar ne. In ba ka son zama a irin wurin, ce a naɗe maka ka tafi da shi masauki, haka yawancinmu muke yi. In kuma ka ji an ce “kabare”, ba gidan abinci ba ne, inda ake sayar da bilbil ne, burkutun dawa. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu in za ka yi dare, ka kuma karɓi lambar ɗan kilandon da ya kawo ka.

Ruwa

Abin da ya fi kwantar da baƙo ruwa ne, ba abinci ba. Sayi na kwalba mai hatimi, irin su Tangui, ka buɗe da hannunka. Ka yi hattara da ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo, da ɗanyen latas, musamman da damina. Mutanen arewacin Kamaru ba su manta da kwalarar 2010 ba, wadda ta fi yin ɓarna a jihar Arewa Mai Nisa. In ciki ya ɓaci, ka dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta kana kurɓa. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko ta haɗu da amai, asibiti kai tsaye, ba jira.

Da azumi duk wannan tsari yakan juye. Turne-do na Musulmi a rufe suke da rana, sai gab da magariba titi ya cika da gaari da ƙosai, masu nama da masu shayi kuma su kai tsakar dare.

Rana ta uku: koma inda ka fi jin daɗi

Kada ka ƙare kwanakinka da neman sabon wuri. Cikin waɗanda ka gwada, zaɓi ɗaya ka koma, a daidai lokacin da ka je da farko, ka zauna inda ka zauna. Gaida mai abincin, ka gaya mata abin da ya dawo da kai, ka ambaci miyar da sunanta. A Kamaru mai saye da mai sayarwa da suka saba suna kiran juna “aso”, kuma aso ba ya cin irin abin da ɗan wucewa yake ci. Shi ake tsamo wa tsokar da ke ƙasan tukunya, shi ake gaya wa “yau bar wannan, ta jiya ce, ci waccan.” A nan ne za ka iya tambayarta ranar da take tuƙa jar dawa, ko wace ce ta fi iya kifi a layin, ta kuwa faɗa maka har da kwatance.

In kana da sauran kwana, ka bar mata kula da kuɗin follere tun da safe, ka ce za ka aiko a ɗauka bayan azahar. Ka ce a zuba miyar daban, tuwon daban, a kuma bar murfin miyar a ɗan buɗe har ta huce.